An cire wa yaro ƙari a kai: aikin da ya rage wa iyaye a Suki

Duk Bahaushen da ya tashi a ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno har Suki, ya san sanƙarau. Amma ba kowa ya san cewa tantanin nan da sanƙarau ke kumburawa, wanda ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ƙari ma kan tsiro a jikinsa ba. Likitoci na kiransa meninjiyoma, sunan da wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya laƙaba masa a 1922.

A wurin manya, wannan ƙari shi ya fi yawa cikin masu tsirowa a cikin kai, kuma galibinsa mai girma ne a hankali. A wurin yara kuwa bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙarin da ake samu a ƙwaƙwalwarsu ba. Sai dai na yara yakan zo da girma, kuma an fi samun mai saurin tsiro a cikinsu.

A 2011 mujallar Lancet Oncology ta buga wani nazari da ya tattara bayanan yara da matasa 677 da aka yi wa wannan aiki. Ya nuna cewa babu abin da ya kai aikin farko tasiri: waɗanda aka cire wa ƙarin gaba ɗaya sun fi daɗewa bai dawo ba, sun kuma fi tsawon rai. Nazarin bai ga wata fa'ida a gaggauta gashi bayan tiyata ba. Yaran da ke ɗauke da larurar gado da ake kira NF2, wadda ke sa ƙari ya riƙa fitowa a jijiyoyin ji da wasu wurare, su ne suka fi fuskantar dawowarsa, ko da bayan shekaru masu yawa. Shi ya sa likitoci ke neman a riƙa ɗaukar hoton MRI lokaci zuwa lokaci, har yaro ya zama magidanci.

To, a nan gizo ke saƙar. Kafin yaƙi, mutanenmu kan tafi asibitin Sha'ab da ke Khartum don aikin ƙwaƙwalwa, gashi kuma a Khartum ko a cibiyar kansa ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Dakarun RSF suka shiga Madani a Disambar shekarar, suka kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024, Suki ta biyo baya. Sojoji sun karɓe Suki a Oktoban 2024, Madani kuma a Janairun 2025, amma kafin nan jama'a sun watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu har Masar. Wanda ya gudu da ransa, wa zai tambaye shi takardar asibiti?

Na zauna da wata dattijuwa daga danginmu wadda aka yi wa jikanta aikin kafin yaƙin. Na ce, "Inna, yaushe rabon a yi masa hoto?" Ta ce, "Haba ɗan nan, ai an cire, ga shi nan har gona yana zuwa." Na tambayi takardunsa, ta ce sun tafi tare da akwatin da aka bari a gida. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Lafiyar da take gani gaskiya ce, sai dai ƙari kan yi shekaru yana komowa shiru kafin ya nuna kansa.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne su riƙe abu uku da kyau: rahoton tiyata, wanda ke faɗin ko duka aka cire ko an bar saura, sakamakon gwajin tsokar da aka ciro, wanda ke nuna matakin ƙarin daga 1 zuwa 3, sai hotunan kai na kafin aiki da na bayansa. A ɗauke su a waya, a tura wa ɗan'uwa a wani gari ta WhatsApp, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In sun riga sun ɓata, a zauna a rubuta abin da aka tuna: shekarar aiki, asibiti, ɓangaren kan da aka buɗe, da ko an yi gashi.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da amai da sassafe, farfaɗiya sabuwa ko wadda ta dawo, dishi-dishin gani, raunin hannu ko ƙafa, raguwar ji, ko yaro mai ƙoƙari ya soma ja da baya a allo da boko. A gidajenmu, da zarar yaro ya faɗi sai a ce iska ce. A yi masa addu'a, amma a kai shi ga likita ranar. Kada kuma a tsayar masa da maganin farfaɗiya kwatsam don ya kwana biyu bai faɗi ba. Idan a dangi akwai waɗanda suka kurumce tun suna samari, a gaya wa likita, don hakan na iya sauya irin bibiyar da zai tsara wa yaron.