Waƙar Manya a Bakin Yara

Yau ba zancen girki ko ɗinki na kawo muku ba. Wani abu na gani da idona ya tsaya mini a rai, na ce lalle sai na kawo shi wannan fili namu mun duba shi tare.

Ran nan na je suna wani gida a cikin birni, can wajen Mandawari. Bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil, ana ta rabon waina da miyar taushe, sai wata budurwa ta haɗa wayarta da lasifika, kiɗa ya tashi. Kafin manya su gyara ɗaurin zane sai ga wata 'yar yarinya, ba ta fi shekara 4 ba, ta faɗo tsakiyar fili. Ta riƙe ƙugu tana karairaya, tana bin waƙar baiti baiti, ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba. Maganganun da ke fita daga bakinta kuwa, ni da na aurar da 'ya ba na iya maimaita su a gaban surukata. Mata suka ɗauki shewa, wata ta liƙa mata naira 50 a goshi, 'yan mata uku suka ɗaga waya suna ɗaukar hotonta. Kakarta kaɗai na ga ta sunkuyar da kai. Ni ma kada in yi muku ƙarya, sai da na yi dariya, sa'an nan kunya ta kama ni.

Da na kamo hanyar gida sai na yi ta tambayar kaina, shin waƙa ce ta lalace a zamanin nan, ko kuwa wani abu ne dabam ya ɓace mana?

To, kada mu yi wa zamani ƙazafi. Waƙar manya ba yau ta soma ba a ƙasar Hausa. Duk wadda ta taɓa zama wurin kiɗan amada ta san abin da ƙwarya ke faɗi in fili ya zama na mata zalla. Uwaliya Mai Amada a nan Kano, da Barmani Choge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013, sun yi waƙoƙin kishi da na zaman ɗaki waɗanda ba a yi su don kunnen yaro ba. 'Yan gambara a kasuwa sun yi suna wajen sakin baki. Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a 1999, yana da waƙoƙin zambo masu zafi, har da ta mashaya. Ko kakanninmu a bakin dutsen niƙa, in kishiya ta ɓata musu rai, da waƙa suke rama wa.

Amma fa kowace waƙa da wurinta da lokacinta. In za a kifa ƙwarya a ruwa, sai ka ji wata gwaggo ta ce yara su tashi su ba manya wuri, ko a ƙirƙiro musu aike zuwa wata unguwa. In an tashi daga biki waƙa ta tashi tare da masu ita, ba wanda ya ƙunso ta a aljihu ya kawo gida. Har wa yau, mawaƙan da suna naɗe magana cikin habaici. Babba ya ji ya gane ya yi murmushi, yaro ya ji an ambaci tulu ko rijiya, ya ɗauka tulun ne da rijiyar. Birnin kansa ma haka aka tsara shi. Gidajen rawa da kiɗan dare suna bayan ganuwa, wajen Sabon Gari, mai so sai ya fita ƙofa ya je ya same su. Shi ya sa da aka buɗe silman Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, malamai da dattawan birni suka yi ta ƙorafi, don abin waje ya shigo ciki.

Daga nan garmaho da akwatin rediyo suka yawaita. Gidan rediyon Kaduna ya soma aiki a 1962, aka yi ta aika gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka. Duk da haka akwati ɗaya ne a gida, yana hannun maigida ko uwargida, kuma can gidan rediyon akwai ma'aikatan da ke tace faifai kafin su sa. Kaset ya zo ya sassauta wannan ƙulli, wayar hannu ta zo ta kwance shi ɗungum. Yau waƙar da aka yi don taron zawarawa, ita ce ke tashi a cikin Adaidaita Sahun da ke kai yara makaranta, ita ce a shagon mai cajin waya a bakin lungu, ita ce kuma a wayar da muke miƙa wa yaro don ya yi shiru mu samu mu ƙarasa tuwo. Ganuwa ba ta tare ta, zaure bai tare ta, labulen ɗaki ma bai tare ta.

Hukuma ba ta zauna ba, wannan gaskiya ne. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, mawaƙa ma suna ƙarƙashinta. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta hana saurare da sayar da waƙoƙi 11 a Kano, alhali kuwa samari sun riga sun gama tura wa juna su daga waya zuwa waya. A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana sa waƙar Warr ta Ado Gwanja, a shekarar kuma wasu lauyoyi suka kai ƙarar mawaƙa da 'yan TikTok gaban kotun shari'a. A watan Afrilu na 2025 Hukumar Hisbah ta Kano ta hana sauraron waƙar Amanata ta Hamisu Breaker. Ba ni da ta cewa kan hukuncin manya. Abin da na lura da shi kawai, kafin takardar hani ta fito, yaran unguwarmu sun riga sun haddace waƙar tun daga amshi har ƙarshe. Ihu bayan hari ke nan. Wani lokacin ma hanin ne ke tallata ta, wadda ba ta taɓa ji ba sai ta ce a tura mata ta ji abin da aka hana.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Amurka, wata uwa mai suna Tipper Gore, matar wani ɗan majalisar dattawa, ta ji abin da ke cikin faifan da ta saya wa 'yarta mai shekara 11, hankalinta ya tashi. A 1985 ta haɗa kai da wasu mata suka kai maganar har majalisa. Daga ƙarshe kamfanonin faifai suka yarda su riƙa liƙa wata alama a bangon faifan da ke da batsa ko zagi, don iyaye su gani kafin su biya kuɗi. Dabara ce mai kyau a zamanin da waƙa ke da bango. Wadda aka turo wa yaronki cikin waya fa, a ina za a liƙa mata alama?

Wata za ta ce, to, sai mu toshe wa yara kunne daga duk waƙar da ta ambaci so da aure? A'a, ban ce ba. Yaranmu tun fil azal suna waƙar aure. Ku tuna tashe, in azumi ya kwana 10, yadda 'yan mata ke wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta yi shigar miji ɗaya ta yi ta mata, suna kwaikwayon zaman gida, manya na dariya suna ba su hatsi ko kwabo. Ku tuna yadda yara ke bin Nalako suna tsokanar gwauraye. Waƙoƙin gaɗa a dandali rabinsu zancen saurayi ne da ranar kai amarya. Duk wannan bai ɓata kowa ba, domin an yi shi daidai bakin yaro, da kunya a ciki, kuma a gaban iyaye. Abin da nake ƙi shi ne ashar, da bayyana sirrin ɗaki tsirara, da waƙar da ke koya wa 'ya mace cewa jikinta ne jarinta.

Ga wani ma'auni da nake amfani da shi, bai taɓa ba ni kunya ba. Ki cire kiɗan, ki ɗauki maganar waƙar kaɗai, ki ce a ranki za ki faɗe ta a gaban mahaifinki kamar yadda ake zance. In harshenki ya yi nauyi, to ba ta yara ba ce. Kiɗa mai daɗi shi ke rufe mana kunne, har mu yi wata guda muna bin waƙa ba mu taɓa tsayawa mun ji abin da muke faɗi ba.

Akwai kuma masu cewa ai yaro bai san ma'ana ba, bakinsa ne kawai ke motsi. Haka ne, yau bai sani ba. Amma kan da ke haddace karatun allo tun bai san fassara ba, shi ne dai ke haddace waƙa, ya ajiye ta har ranar da ma'ana za ta zo ta same ta. Abin da ya fi wannan ma, ita yarinyar gidan sunan nan ta koyi wani darasi ran nan wanda ba ya bukatar fassara. Ta gane in ta karya ƙugu ta faɗi kalmomin nan, manya za su yi mata shewa su ba ta kuɗi, in kuwa ta kawo haddarta ta Islamiyya sai a ce madalla a ci gaba da hira. Mu muka koya mata, ba mawaƙin ba. Shi bai san da ita ba ma.

In kika ji ɗanki ya ɗauko irin wannan waƙa, kada ki yi dariya, kada kuma ki ɗauko bulala. Dariya lada ce a wurinsa. Duka kuwa sai ya nuna masa cewa ya riƙe wani abu mai daraja, ya koma yi a ɓoye. Ki kira shi a hankali ki ce wannan maganar manya ce, ba a yin ta a gidan nan, sa'an nan ki ba shi wata a madadinta, don bakin yaro ba ya zama wofi. Yawancinmu mun bar yi wa yara tatsuniya da waƙoƙinta, mun bar waƙar reno, mun hana su dandali saboda tsoron zamani, ba mu kuwa ba su komai ba sai waya.

Ku kuma 'yan makaranta, da ku nake yanzu, domin na san wayar gida a hannunku take kwana. Ƙanwarki ba ta kwaikwayon mawaƙi, ke take kwaikwayo. Masu TikTok da kansu sun rubuta a ƙa'idarsu cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, to me ya kai 'yar shekara 4 ciki? Hoton da kika ɗauka kika watsa don ƙawaye su yi dariya, ba ki da ikon dawo da shi. Yarinyar za ta girma, ta shiga makaranta, manema su zo, hoton yana nan a wayar wani da ba ku sani ba. Ba ta ba ki izini ba, ba ta ma isa bayarwa ba.

Da bikin 'yar ƙanwata ya zo na ce bari in gwada abin da nake faɗi, kada in zama mai wa'azin da ba ta aikatawa. Tun ranar da za a ba mai kiɗan lasifika kuɗin kafin alƙalami na zaunar da shi, na ce daga azahar zuwa magariba akwai yara a wurin, ga irin waƙoƙin da ba ma so, in ya sa ɗaya a bakin cikon kuɗinsa. Ya ɓata rai ya ce taro zai yi sanyi. Ƙawayen amarya suka yi ta zumɓura baki, na ji wata tana ce mini Hisbar gida. Na yi kamar ban ji ba. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tara ƙananan 'yan mata a soro ta koya musu gaɗa, da fari suna noƙewa, can sai ga tafi ya kankama har da masu faɗawa hannun 'yan'uwa ana cafe su. Bayan isha'i aka kwashe yara aka kai su gidan maƙwabta, aka sakaya ƙofa, aka kifa ƙwarya. Abin da aka rera a daren nan ba zan rubuta shi a jarida ba, amma ni ma na taka.

Ban ce na ci nasara duka ba. Jiya da safe na ji jikata tana wanke kwanonin shayi tana gunjin karin waccan waƙar ta gidan suna a hanci, ba kalmomi. Na tsaya bakin madafi ina saurare, na rasa ko in yi magana ko in ƙyale. Na ƙyale. Wadda ta san abin da ya fi wannan daga cikinku, ta rubuto mana mu buga a mako mai zuwa.