Aska da Zabira: Yadda Hannu Ke Faɗawa a Wanzanci

Duk wanda ya tashi a Zongon Parakou ko na Djougou, garin da kakanninmu ke kira Zugu, ya san zaman da ake yi a kan tabarma da hantsin Juma'a: yaro ya sunkuyar da kai, wanzami ya buɗe zabira, ƙoƙon ruwa na gefe. Da yawa daga cikinmu har yanzu muna ɗauke da ɗan tabo a ƙeya, shaidar ranar da muka zabura aska na kanmu. A yau shagunan aski masu inji sun cika bakin titi tun daga kasuwar Arzeke har cikin unguwanni, ga fitilu ga madubai, kuma ba laifi ba ne. Sai dai in an yi haihuwa, rana ta bakwai ba mai ɗaukar jariri ya kai shi shago. Wanzami ake aika wa, kuma waɗanda hannunsu ya faɗa suna ta ƙaranci.

Sana'ar nan tare da ayari ta zo. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja kan ratsa Nikki da Parakou da Djougou, kuma zangon da suke sauka shi ya bar wa unguwanninmu sunansu. Inda fatake suka yada zango, a nan malami da mahauci da maƙeri da wanzami kan kafa gida. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da zuwan Turawa sun karya wannan hanya, amma gidajen suka zauna. Wanzanci gado ne, kuma a ƙasar Hausa shugabansu Sarkin Aska ake ce masa. Aikinsu ya haɗa da kaciya da ƙaho da tsaga, amma a nan aski kaɗai za mu duba, domin shi ne ƙofar shiga.

Mai koyo ba ya fara da kan mutum. Yakan daɗe yana riƙon ƙoƙo da kallon hannun ubansa, sannan a ba shi wasa aska, kuma a nan rabin sana'ar take. A kan dutse ana kwantar da aska gaba ɗaya, baki da baya duk suna taɓa dutsen, a tura ta baki na gaba kamar za a fere dutsen, a juya a dawo. A kan fata kuwa akasin haka ne: baya ke yin gaba, baki na biye, in ba haka ba za a yanke fatar a kuma ɓata kaifin. Dutse ke fitar da kaifi, fata miƙar da shi take yi, shi ya sa za ku ga tsohon wanzami yana komawa kan fata kafin kowane aski, alhali dutse sai jifa-jifa. Abin da masu koyo ba sa saurin yarda da shi shi ne, dakusasshiyar aska ta fi mai kaifi yanka mutum, domin ita ke sa a danna.

Sai jiƙa gashi. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwan ɗumi da sabulu na minti 2 ko 3 sai ya yi laushi. Gaggawa a wannan wuri ita ke sa mai aski ya ji kamar ana tsige masa gashi. Daga nan hannun hagu ya ja fata ta miƙe, domin aska ba ta tafiya lafiya a kan fata mai tattara. Ita askar kuwa ba a tsayar da ita cak, ba a kuma kwantar da ita sarai. Masana sukan ce kusurwar ta kai kimanin digiri 30, wanzaman da ba su taɓa jin wannan lissafi ba kuma hannunsu ya san shi. Ana jan ta gajere-gajere, a bi inda gashi ya kwanta. Abu guda da ba a yi ko da wasa shi ne zame ta gefe a tsawon bakinta, wannan yanka ne, ba aski ba. Wuraren da ke bayyana gwani su ne bayan kunne da tattarar ƙeya da ƙasan haɓa, sai kuma gaban goshi, wanda Bahaushe ya ce nan aski ya fi zafi.

Bin kwanciyar gashi yana da muhimmanci na musamman gare mu. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi a baibai har ya nutse ƙasa da fata, sai ya lanƙwaso ya soki fatar lokacin da yake tsirowa. Wannan ne asalin ƙurajen da ke fitowa a wuyan samari. Gara a bar ɗan kaushi da a nemi santsin da zai zama ƙurji. In an ɗan yi ƙwarzane, alif da aka jiƙa yakan tsayar da jini.

Jinin nan kuwa shi ne inda ya kamata mu tsaya, ko da maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, a cikin ɗigon jinin da ido ba ya gani, kuma ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, kimanin miliyan 65 a yankin Afirka. Babba in ya kamu galibi jikinsa kan kore ta, amma jarirai kusan tara cikin goma takan zauna musu har girma, ta cinye hanta a hankali. Ku duba wanda ake miƙa wa wanzami ranar suna: ɗan kwana bakwai, maɗigarsa na motsi. Share aska a tsumma ba ya kashe komai. Gilma ta a harshen wuta ma ba abin dogaro ba ne, ga shi yana lalata ƙarfen. Sai an wanke da sabulu an tafasa minti 20, a tsane ta sosai don kada ta yi tsatsa. Makero ma ta aska da tsumma yake bin kawunan yara.

Akwai mafita da ba ta rage wa sana'ar daraja. Tun da Gillette ya fara sayar da reza mai yarwa a Amurka a 1903, aka zo aka ƙera aska mai ɗaukar rabin reza, wadda riƙonta da tafiyarta duk irin na aska ne. Alhazanmu sun gan ta a Mina, inda hukumomin Saudiyya suka wajabta wa masu aski sabuwar reza ga kowane alhaji. Muna ganin wanda ya iya aska ta gado ba zai sha wuya da ita ba, illa dai ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta yafe danni, don haka sai ya sassauta hannu.

Mu iyaye ma da namu. Allurar riga-kafin ciwon hanta tana nan tun 1982, kuma an fi son jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwa, wato tun kafin ranar aski. Sannan maigida ya sayi reza sabuwa ya ajiye tare da goro da dabinon suna, a ɓare ta a gaban kowa. In kuma wanzami ya zo da ɗansa mai riƙon ƙoƙo, a ba yaron nasa tukuici daban, a kuma bar shi ya gwada hannu a kan manyan gidan da suka yarda, ba a kan jariri ba.