Kancancara: Abin Shan Mayaƙan Daji a Tarihin Kyuba

A tsakiyar tsibirin Kyuba, wajen gaɓar kudu, akwai wani tsohon gari mai suna Tirinidad, wanda Turawan Sifen suka kafa a shekarar 1514. Ba shi ne tsibirin Tirinidad da ke kusa da Benezuwela ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Baƙon da ya sauka garin, da wuya ya fita ba a miƙa masa wani ɗan kasko na yumɓu ba, cike da abin sha da ake kira kancancara. Haɗinsa bai wuce abu huɗu ba: zuma, da ruwan lemun tsami, da ruwa, da kuma giyar rake wadda ba ta kwana a ganga ba. Ga al'ummar da addininta ya hana barasa, abin sha irin wannan ba abin marmari ba ne. Amma ga mai nazarin tarihi, ɗan kaskon nan yana da bayani a kan bauta da mulkin mallaka da yaƙin neman 'yanci wanda ya cancanci a saurara.

Tushen maganar shi ne rake. Bayan da bayin Haiti suka yi tawaye a 1791, suka rushe gandayen sukarin Faransawa, sai kasuwar duniya ta juyo ga Kyuba. Attajiran tsibirin suka sare dazuzzuka, suka kafa injinan matse rake, suka yi ta sayen bayi daga Afirka, har yawan waɗanda aka sauke a Kyuba ya haura 700,000, akasarinsu a ƙarni na 19. Cikinsu akwai Yarabawa masu yawa, waɗanda a can ake kira Lukumi, da mutanen Kongo da na yankin Kalaba. A kwarin da ke gabas da Tirinidad kaɗai an yi injinan sukari fiye da hamsin. Har yanzu hasumiyar gandun Manaka Isnaga tana tsaye a can, tsawonta kamar mita 45, wadda daga bisanta ake tsaron bayi, ana kaɗa musu ƙararrawar fita aiki da ta tashi.

Idan aka dafa ruwan rake aka fitar da sukari, akan bar wani baƙin ruwa mai kauri da zaƙi. Shi ake jiƙawa ya yi tsami, sa'an nan a dafa shi, a tare tururin, ya sanyaya ya koma ruwa. Abin da ya fito shi ne agwardiyente, watau ruwa mai ƙuna a harshen Sifen. Sukari na fatauci ne, jirage ke kwashe shi zuwa Turai da Amurka. Ita kuwa wannan giya mai arha ta talaka ce da bawa da matuƙin jirgi. Iyayengiji sukan ba bayi ita lokacin yankan rake, sa'ad da ake aiki dare da rana, kuma jikokin Lukumi suka shigar da ita cikin ibadarsu, suna fesa ta ga abubuwan bautarsu. Masu hali ba su cika kula ta ba, giyar inabi ta Sifen ce a teburinsu.

A ranar 10 ga Oktoba 1868 wani lauya mai gandu, Karlos Manuwel de Sesfedes, ya tara bayinsa a gonarsa ta La Demahaguwa da ke gabashin tsibirin, ya 'yanta su, ya kira su zuwa yaƙi da Sifen. Wannan ne mafarin Yaƙin Shekara Goma, wanda ya ƙare a 1878 ba tare da samun 'yancin kai ba. An soke bauta a 1886, aka kuma sake ɗaukar makami a 1895 bisa jagorancin Hose Marti da Maksimo Gomes da Antoniyo Maseyo. Mayaƙan waɗannan yaƙe-yaƙe su ake kira mambi. Da yawansu baƙaƙe ne da barbarar yanyawa da ƙananan manoma, kuma babban makaminsu shi ne addar yankan rake.

Rundunar da ke zaune a daji ba ta da rumbu, ba ta da kanti. Garuruwa da tasoshin jiragen ruwa suna hannun sojan Sifen, su kansu mambi kuwa suna ƙone gonakin rake da gangan don su karya tattalin arzikin abokan gaba. Saboda haka sukari da gahawa suka yi wuya a sansaninsu. Abin da daji ke bayarwa shi ne zuma daga kogon itace da amyar manoma, da lemun tsami ko lemu mai ɗaci da ke ko'ina. Sai a dama zuma da ruwa, sau da yawa da ɗumi, a matsa lemu, in an sami agwardiyente a zuba kaɗan, a sha cikin ƙoƙo. Da asuba yakan tsaya a madadin gahawa, da dare ya kore sanyi, ga mai mura ko zazzaɓi kuma ya zama ɗan abin da ake da shi na magani. Wannan ita ce kancancara ta asali, abincin mai yunwa ce kafin ta zama abin nishaɗi. Abin lura a nan shi ne, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa fitar da sukari a wancan zamani, abin shan masu neman 'yancinta da zuma aka zaƙaƙa shi.

Ana ƙara fahimtar matsayinta idan aka ajiye ta kusa da ƙanwarta da ta fi ta suna. A watan Yuni 1898 sojojin Amurka suka sauka a wata gaɓa mai suna Daikiri, kusa da birnin Santiyago, suka shiga yaƙin da 'yan Kyuba suka shekara uku suna yi. Da birnin ya faɗi, ba a bar rundunar Janar Kaliksto Garsiya ta shiga ba, kuma yarjejeniyar Paris da ta kawo ƙarshen yaƙin a watan Disamba, tsakanin Amurka da Sifen aka ƙulla ta, babu wakilin Kyuba ko ɗaya. A wannan yanki na Daikiri akwai ma'adinan ƙarfe a hannun kamfanonin Amurka, kuma ga wani injiniyansu, Jennings Cox, ake jingina haɗin da ya ɗauki sunan wurin. Gindin haɗin ɗaya ne da na kancancara, watau giyar rake da tsami da zaƙi. Sai dai an sauya zuma da farin sukari, an sauya agwardiyente da tatacciyar giya marar nauyi irin wadda gidan Bacardí ya fara yi a Santiyago tun 1862, an kuma ƙara ƙanƙara, wadda mayaƙin daji bai taɓa gani a sansaninsa ba.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Sa'ad da Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933, Amurkawa suka yi ta tururuwa zuwa Habana, mashaya irin su El Floridita suka shahara, marubuci Ernest Hemingway kuma ya ƙara musu suna daga baya. Daikiri da mohito suka zagaya duniya. Kancancara ta zauna a ƙauye.

Tirinidad ma haka ta zauna. Tun tsakiyar ƙarni na 19 ƙasar kwarinta ta gaji, harkar sukari ta koma wajen Matansas da sauran yammacin tsibirin, inda aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tun 1837. Attajirai suka watse, garin ya rasa kuɗin rushe tsofaffin gidaje balle gina sababbi, kuma wannan talauci ne ya adana shi da titunansa na duwatsu. A 1988 hukumar UNESCO ta sa garin da kwarin injinan sukari cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Kyuba ta shiga matsi mai tsanani, ta juya ga 'yan yawon buɗe ido don samun kuɗin waje. A wannan yanayi ne kancancara ta zama tambarin Tirinidad, da mashaya mai ɗauke da sunanta a wani gida na ƙarni na 18, da maginan tukwane na garin masu ƙera 'yan kaskwayen da ake shan ta.

Akwai abin dubawa a wannan farfaɗowa. Yawancin gumurzun mambi a gabashin tsibirin aka yi shi, ita kuwa Tirinidad garin masu bayi ne, da gumin bayin aka gina benayenta. Kancancarar da ake miƙa wa baƙo a can da ƙanƙara take zuwa, wani lokaci ma da tatacciyar giya, ga makaɗa suna kiɗa. Duk da haka ba daidai ba ne a kira ta jabu, domin zuma da lemu da sunan suna nan, kuma mai sayarwa yakan ba da labarin mambi tare da kaskon. A 2022 UNESCO ta sa ilimin gwanayen haɗa tatacciyar giyar rake ta Kyuba cikin jerin al'adun da ake gado baki da baki, ilimin da ya samo asali daga Santiyago a 1862. Girmamawar ta tafi ga giyar ganga da masana'anta. Agwardiyente, wadda bayi da mambi suka sha, ba ita aka karrama ba.