Yadda Aka Kori Kurkunu

A ƙauyukan arewacin Kano gonaki suna manne da juna, kowane magidanci ɗan fegi gare shi. In ya rasa noman damina, ya rasa abincin shekara. A dā kuwa, da damina ne kurkunu ya kan kwantar da mutane.

Tsutsa ce da ake sha cikin ruwan tafki. Ta kan shekara a jiki, sa'an nan ta ɓullo a ƙafa da zafi kamar wuta. In mai ita ya tsoma ƙafar cikin tafki don ya ji sanyi, sai ta zuba 'ya'yanta, wasu su sha.

A 1988 Cibiyar Carter ta Amurka ta haɗa kai da gwamnatin Nijeriya. Aka ƙidaya masu cutar, sun fi 650,000. Cutar ba ta da magani, sai aka raba ƙyallayen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka koya wa mutanen ƙauye hana masu ciwon shiga tafki. Aikin kullum kuwa, mata ne suka yi shi a bakin randa.

Tun 2008 ba a sake ganin kurkunu a Nijeriya ba.