Mu san uwar murzuna

Manoman Mallawa da sauran karkarar Magariya da Dungas sun san murzuna, tsutsar nan da ke yin hanya mai murɗiya a jikin zangarniyar hatsi. Amma kaɗan ne suka taɓa lura da uwarta. To, rashin sani ya fi dare duhu.

Uwar murzuna ƙaramin faɗa-wuta ce, watau irin malam-buɗe-littafin da ke yawo da dare. Masana sun sanya ta cikin babban dangin da suke kira Noctuidae, dangi ɗaya ke nan da tsutsar da ke huda ƙwallon auduga. A shekarar 1925 ne wani masani Bafaranshe, de Joannis, ya fara bayyana kamanninta. An daɗe ana kiranta Raghuva, amma yau sunanta na ilimi Heliocheilus albipunctella. Kalma ta biyu tana nufin mai fararen ɗige-ɗige.

Ga yadda ake gane ta. In ta buɗe fikafikanta, faɗinsu bai kai santimita 3 ba. Na gaba ja-ja ne masu ƙasa-ƙasa, da jerin fararen ɗigo wajen bakinsu. Namiji yana da ɗan kumburi a gefen fiffike, kuma da dare yakan yi ƙugi don ya jawo tamata.

Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Kamar wata guda bayan saukar ruwan shuka take fitowa daga ƙasa, ta zuba ƙwai bisa zangarniyar da ta fara leƙowa. Cikin ƴan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yanke furen hatsi. In ta ƙoshi sai ta sauka, ta shige ƙasa, ta kwanta duk rani.

Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ne ɓarnarta ta yi tsanani a ƙasashen Sahel. Ma'aikatan bincike na INRAN a Maraɗi suna yaƙarta da wani ɗan zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke kashe tsutsar. A cikin ƙananan buhuna ake kai shi ƙauyuka.

Saboda haka, ƴan'uwa manoma, da zarar hatsi ya fara fidda kai, a riƙa duba zangarniya. Wanda ya ga alama ya sanar da malamin gona tun da wuri. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.