Sai Mai Addini Ne Kaɗai Zai Yi Kishin Ƙasa?

 Yau za mu duba wata tambaya da takan taso a gidajenmu, musamman lokacin zaɓe: mutumin da ba ya ba da gaskiya ga Allah, zai iya ƙaunar ƙasarsa da gaske? Ko kuwa sai mai addini kaɗai?

Akwai dalilin da ya sa mutane suke haɗa biyun. Alkawarin da 'ya'yanmu suke yi wa ƙasa kowace safiya a makaranta yana ƙarewa da roƙon taimakon Allah. Gabatarwar tsarin mulkin 1999 ma ta ambaci Allah. Amma wannan tsarin mulki, a sashe na 10, ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin bin abin da lamirinsa ya yarda da shi. Wato a gaban doka, ba a tambayar bangaskiyar mutum kafin a kira shi ɗan Nijeriya.

To, me Maganar Allah ta ce? A Romawa 2:14-15, Manzo Bulus ya nuna cewa al'ummai waɗanda ba a ba su Shari'ar Musa ba sukan aikata abin da Shari'ar take so, domin Allah ya sa lamiri a zuciyar kowane ɗan adam. Saboda haka marar bi yana iya ƙin cin hanci, ya biya haraji, ya tsare dukiyar jama'a.

Muna da misali a ƙasarmu. Tai Solarin malamin makaranta ne daga Ikenne, a Jihar Ogun ta yanzu. Bai ɓoye ba cewa shi bai gaskata da Allah ba. Duk da haka ya kafa makarantar Mayflower a 1956, ya ba da ransa ga koyar da yara aikin hannu da riƙon gaskiya. Ya tsawata wa gwamnatocin soja a fili, har aka tsare shi a 1984. Ya rasu a 1994, yau kuma akwai jami'ar horar da malamai mai ɗauke da sunansa. Ban yarda da abin da ya faɗa game da Allah ba, ko kaɗan. Amma idan na ce bai ƙaunaci Nijeriya ba, na yi shaidar zur.

Yanzu mu juya ɗaya gefen. A Nehemiya sura 5, waɗanda suke ƙwace gonakin talakawa a Urushalima, suna mai da 'ya'yansu bayi saboda bashi, ba baƙi ba ne. Manyan Yahudawa ne, masu kiran sunan Ubangiji. Nehemiya kuwa ya yi shekara 12 yana gwamna, bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba, domin tsoron Allah da tausayin jama'a. Addininsu ɗaya, aikinsu dabam. Haka yake yau. Mutum yana iya zama a kujerar gaba a majami'a ranar Lahadi, ranar Litinin ya cinye kuɗin rijiyar ƙauye.

Amsar ke nan, 'yan'uwa: marar bi yana iya yin kishin ƙasa, amma mai bi ba shi da izinin ƙin yinsa. Na san da yawa a cikinmu muna daga ƙananan kabilu. An manta da hanyoyinmu, wasu sun bar gonakinsu saboda tashin hankali. Zuciya takan ce, "Me ƙasar nan ta yi mini?" Ku tuna da Irmiya 29:7. Mutanen da aka kwashe zuwa Babila, Allah ya umarce su su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Idan an bukaci haka daga waɗanda suke bauta a baƙuwar ƙasa, balle mu da aka binne cibiyarmu a nan?

Saboda haka, idan mai neman ƙuri'a ya zo riƙe da Littafi Mai Tsarki, ku dubi aikinsa. Maƙwabcin da ba ya zuwa sujada, ku gyara hanya da makaranta tare da shi, ku kuma yi masa bishara, gama kishin ƙasa ba ya ceton rai. Yesu ne mai ceto.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu zuciya irin ta Nehemiya, ka ba ƙasarmu salama. A cikin sunan Yesu, amin.