Abin Da Ke Sa Lasifika Ta Shaƙe

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dambatta ko ta Bichi ya san lasifika: ta masallaci, ta mai wa'azi, ta mai tallar magani. Wata muryarta garau, wata kuwa sai ka ce an shaƙe mata wuya. Sau da yawa ƙahon lafiyarsa lau, haɗin waya ne bai yi daidai ba. Na gane haka ne a kulob ɗinmu na kimiyya, inda muke da wata tsohuwar amfilifaya mai bawul.

Bawul 'yar kwalba ce mai kama da ƙwan lantarki. Da ita ake ƙara wa murya ƙarfi kafin taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta ture ta. Kowace lasifika tana da turjiyar da take yi wa lantarki, ana auna ta da om, sunan wani Bajamushe, Georg Ohm. To, bawul irin EL84 guda ɗaya tana bukatar turjiya wajen om 5,000, alhali lasifika 8 kawai gare ta. Ina za su daidaita? Sai da dillali, wato taransifoma.

Taransifomar nan naɗin wayar tagulla biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya. Raba 5,000 da 8, ka sami 625, wato 25 sau 25. Ke nan duk zagaye 25 na ɓangaren bawul, zagaye ɗaya ake yi a ɓangaren lasifika. Shi ya sa a bayan akwatin aka rubuta 4, 8 da 16, kowace lamba da bakinta.

Ga inda masu haɗi ke tuntuɓe. In aka ɗaura ƙaho biyu masu om 16 a baki ɗaya, kai da kai, turjiyarsu ta koma 8, ba 32 ba. Wanda ya bar su a bakin 16 ya ɗora wa bawul kayan jaki biyu: tana ganin 2,500 maimakon 5,000, murya ta dushe, bawul ta tsufa da wuri. Mafi muni shi ne a yi magana a makirfo alhali ba lasifika a haɗe. Wutar ba ta da mafita, sai ta huda rufin wayar taransifoma ta ƙone ta, ga shi kuwa samun irinta ko a Sabon Gari aiki ne.

Yawancin amfilifayun masallatanmu na yanzu, irin su Ahuja, masu taransista ne, amma lambobin nan suna nan a bayansu. Kafin a ɗaura waya, a ƙirga ƙahonin, a karanta abin da aka rubuta a gindin kowanne.